Ranar da Aka Ce wa Mai Hanci Faya

Ni ba na cikin masu cewa komai na da ya fi na yanzu daɗi. Na sha sanyi, na sha ƙaiƙayin kwarkwata, na yi layin sabulu ina 'yar shekara goma sha biyu har ƙafata ta kumbura. Ba wanda zai sa ni kewar wannan. Amma in ana maganar iya ba da labari, to nan kam na sallama. Na yi sakandare, na ji malamai iri-iri, na kalli masu wasan kwaikwayo, ban ga wanda ya kama ƙafar kakata Inna Kulu ba.

Uwar babanmu ce. A Shagari aka haife ta, a can ta yi aure, a can kakanmu ya rasu, sannan Baba ya ɗauko ta ta dawo gidanmu na Boɗinga. Gajera ce, baƙa, bakinta ja da goro, hannunta ba ya zama banza. In ba ta kaɗi, tana ɓarar gyaɗa. Da sanyi ya shigo, bayan sallar isha'i, sai ta sa a zubo mata garwashi a kasko a ƙofar ɗakinta, ta ƙara kara biyu uku, mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙannena da yaran maƙwabta da suka samu aka bar su. Da farko tatsuniyoyinta irin na kowace kaka ne, na dabbobi da aljanu da 'yan mata marasa jin magana. Suna da daɗi, amma ba su na zauna rubutawa ba.

Lokacin mulkin farar hula, kafin abubuwa su taɓarɓare, Baba yana aikin sito a wani kamfani mai gina hanya da ya kafa sansani a bayan gari. Shi ke riƙe da makullan ɗakin siminti da rodi. Kullum da safe zai sa rigarsa mai aljihu biyu, ya soke biro, ya ɗaura agogo, ya hau keke. A wannan lokacin ne ya sayo talabijin, 'yar ƙarama, baƙi da fari, wadda muke kunnawa da batirin mota. Ya ɗaura eriya a kan doguwar gora, duk unguwa aka san mun yi akwati.

Duk ranar Alhamis da yamma tashar Sakkwato tana sako wani wasan zane, irin wanda yara ke ce wa katun, na wani gidan Turawa. Maigidan dogo ne siriri, hancinsa kamar maburgi, kullum da jaka a hannu. Matarsa 'yar duma-duma ce, ba ka ganinta sai da tukunya. Suna da ɗa da 'ya, da wata ƙatuwar kyanwa da ta fi duk gidan hankali. Kowane mako maigidan zai jawo wata ɓarna, a yi ta faɗi-tashi, kafin a tashi komai ya koma daidai. Matsalar ɗaya ce: da Turanci suke magana, Turancin ma na cikin hanci, da gudu kamar ana korarsu. Ba wanda ke ji a gidanmu. Sai mu yi ta dariya in an faɗi ko an fasa wani abu, sauran kuwa oho.

Inna da farko cewa ta yi hotunan aljanu ne, ba ruwanta. Mako na biyu ta zauna can baya ta ba akwatin rabin baya. Mako na uku ta jawo tabarmarta gaba, ta ce wa ƙanena ya kau da kansa. Ba ta dariya, ba ta magana, ido kawai take zuba musu har a gama. Ran nan da dare muka zauna bakin kasko muna jiran tatsuniyar aljanu, sai ta gyara zama ta ce:

"To, mutanen akwati sun zaka."

Muka dubi juna. Ta ce, "Haka ake yi ma baƙi gidanku? Ku ce su shigo, akwai tabarma."

Muka ce, "Su shigo, akwai tabarma!"

Daga ranar, daren Alhamis ya zama nasu. Ita ta raɗa musu suna. Maigidan shi ne Mai Hanci, matarsa Ige, yaran Tanko da Delu. Kyanwar kuwa Hajiya, wai don ba ta aikin komai sai zama da kallon mutane. Abin da muka gani da yamma ba mu gane ba, shi za ta warware mana da dare, ta sa musu magana a baki, Sakkwatanci zalla. Za ta shaƙe hanci ta yi muryar Mai Hanci yana rantsuwa ba shi ya ƙona labulen ba, ta juya ta yi ta Ige tana cewa, "To ni dai na gani, wutar ta ta taso da ƙahwahunta ta iske ka." Mu yi ta birgima a kan tabarma. Abin mamakin, maganar da take sa musu tana hawa daidai kan abin da muka ga sun yi, har in ta faɗa sai ka ce, ai kuwa haka fuskarsa ta yi.

Tana da ƙorafi a kansu. Ta ce shekara uku ɗiyan nan na cin abinci ko tsawon yatsa ba su ƙara ba, lalle Ige ba ta iya tuwo ba. Ta ce Mai Hanci bai taɓa canja riga ba, kuma ba ta taɓa ganin an yi wanki a gidan ba. Amma tana son su. In batir ya mutu aka rasa kallon mako guda, sai ta yini tana tsaki kamar an hana ta zuwa suna. In ta gama labari kuma takan ce, "Sun koma akwati, a ruhe musu kar su ji sanyi." Sai kowa ya nufi shimfiɗarsa.

Akwai abu ɗaya da sai na faɗa kafin in ci gaba. Baba ɗan farin Inna ne, kuma tana yi masa kunya irin ta mutanen da. Ba ta faɗin sunansa. Ba ta kallon idonsa. Ba ta yi masa magana kai tsaye, ko da daga ita sai shi. In ya gaishe ta da safe, sai ta amsa tana kallon bango. In tana son wani abu, sai ta ce wa ɗayanmu, "Ki ce ma mai gidan ga ɗakina na yoyo," shi kuwa yana tsaye taku uku daga inda take. Shi ma ya amsa ta bakinmu. Ni abin haushi yake ba ni. Na taɓa ce mata, "Inna, ga shi nan fa, ba kurma ba ne." Ta ce, "Ke ma ga ki nan, ba gurguwa ba ce. Kai saƙo."

Sai zamanin da ake kira ostariti ya shigo. Ban san ma'anarsa ba a lokacin, na dai san madara ta ɓace, sabulu ya zama sai da layi, shinkafa ta koma abincin sallah. Motocin kamfanin su Baba suka rage zirga-zirga, daga baya suka tsaya cik. Abin da ba mu sani ba, wanda zan faɗa muku tun yanzu don kada in ja muku rai, shi ne an sallami Baba. An kira su an karɓe makullai, an ce su je sai an neme su. Bai gaya wa kowa ba. Kullum da safe sai ya sa rigar nan mai aljihu biyu, ya soke biro, ya rataya jaka, ya hau keke, ya je ya zauna gindin wata bishiya a ƙofar sansanin tare da maigadi, har la'asar ta yi ya dawo. Agogonsa ya ɓace daga hannunsa, ya ce yana wurin gyara. Ni ina aji ɗaya na sakandare, kaina ya cika da sababbin kalmomi, ban lura da komai ba.

Ana cikin haka ƙanensa Baffa Nomau ya zo daga Shagari. Kakanmu ya bar musu fadama, rabi na Baba, rabi nasa. Tun da Baba ya kama aikin kamfani bai sake taka ta ba. Baffa ya zauna a tsakar gida ya ce irin albasa ya isa dashe, shi kaɗai ba zai iya da fadamar duka ba, kuma wani maƙwabcinsu ya roƙi aron rabin Baba. Ya ce in an ba shi, ya haƙa rijiyoyi ya gyara ƙasa, ba za a iya ce masa tashi ba sai bayan shekaru.

"Yaya, ni dai na ce mai shi dakata har ran kasuwa. In kana so, ka taho mu dasa. In ba ka so, in ba shi, da ta zauna banza."

Baba ya ce, "Nomau, ni da ke da aiki ina zan kai albasa?"

"Na dai hwaɗi. Ran kasuwa zan ba shi amsa."

Inna tana ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Mazarin ya tsaya, sannan ya ci gaba. Ranar Laraba ke nan, kwana huɗu suka rage.

Washegari Alhamis aka kunna akwati. A wasan ranar, Mai Hanci ya yi wata ɓarna a ofis, ya danna abin da bai kamata ba, takardu suka yi ta tashi sama. Sai ga wani ƙaton mutum mai tumbi ya fito yana dukan tebur, yana nuna masa ƙofa, yana maimaita kalma ɗaya da ƙarfi. A karo na farko a rayuwata na tsinci kalma daga bakin mutanen nan. Faya. Na san ta. Tana cikin littafinmu na Turanci, har da hoton harshen wuta a gefe.

Na miƙe tsaye na tare rabin akwatin. "Gobara ce! Ya ce faya, faya wuta ce. Ofis ya kama wuta, yana ce masa ya gudu!"

Yara suka ce in zauna. Ban zauna ba, na ci gaba da fassara. Da Mai Hanci ya fito ɗauke da kwali, na ce kayansa ya tsamo daga wuta. Da aka nuna shi washegari zaune a kan benci cikin wani lambu yana watsa wa tsuntsaye abincinsa, na ce hutu aka ba su har a gyara ofis. Batir ya soma rauni, hoton yana ƙanƙancewa, amma mun ga ƙarshen: Mai Hanci ya koma kan teburinsa, mai tumbi yana dafa kafaɗarsa, kowa na dariya. Na zauna ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa.

Da dare aka zuba garwashi. Baba yana inda ya saba zama, kan kujerarsa a ƙofar ɗakinsa, rediyo a cinya, wai shi ba ya jin tatsuniyar yara. Mamarmu tana gefe tana tsince wake.

"Mutanen akwati sun zaka."

"Su shigo, akwai tabarma!"

"Yau da nauyi sunka zaka," in ji Inna. "Korar Mai Hanci anka yi."

Na ce, "Inna, ba haka ba ne. Gobara ce. Na ji da kunnena."

"Kin ga hayaƙi?"

"A'a, amma..."

"Kin ga mai gudu da bokiti? Wace irin gobara ta, mutum guda ɗai ka hita, shi ma yana jan ƙahwa kamar mai rakiyar gawa?"

"To ke kina jin Turanci ne?"

"Ba ni ji, Malama Faya. Kahwaɗa ni ka ji. Wanda ya tsira daga wuta kahwaɗunshi sama su ke. Wanga nashi sun zube kamar jiƙaƙƙen zane. Zamna ki ji."

Yara suka kwashe da dariya, har da masu maimaita Malama Faya. Na zauna ina huci.

Ta ce Mai Hanci ya ɗauko kwalinsa ya ɓoye a bayan gida, ya share fuska, ya yi sallama. Ige ta taho da murna ta karɓi jaka ta ce masa sannu da aiki. Ya ce yawwa. Ta ce wannan yawwar ita ta ɗaure shi, don wanda ya amsa ta ran farko, dole ya amsa ta ran na biyu. Gari na wayewa ya sa riga ya ɗauki jaka, ba komai cikinta sai ƙunshin abincin da Ige ta sa masa. Ya je ya zauna gindin itace. Rana ta take, ya buɗe abincin ya kasa ci, don a ganinsa abincin ma'aikaci ne, shi kuwa ba ma'aikaci ba ne, sai ya watsa wa tsuntsaye. La'asar ta yi ya dawo. Sannu da aiki. Yawwa.

"Korar ba ta ci mai rai kamar gaisuwar ga ba," in ji ta. "Korar sau guda anka yi ta. Gaisuwar kullum ta."

Na ji tsintar waken Mama ta tsaya. Rediyon Baba kuma, ban san lokacin da aka rage shi ba.

Inna ta ce duk gidan ba wanda ya gane sai Hajiya kyanwa. Tun ran farko ta shinshina ƙafar wandonsa ta ji ba warin wurin aiki, sai warin ciyawa da zaman banza. Ta duba hularsa ta ga tas, da a da kullum sai an kaɗe ta. Ta so ta yi masa magana, to amma ita kyanwa ce, tsakaninta da shi ba magana, sai dai ta zauna nesa tana kallonsa yana ramewa. Ta ce a cikin tsuntsayen da yake ciyarwa akwai wata tsohuwar kurciya da ta taso daga garin ubansa. Kurciyar ta ce masa ta biyo ta kan fadamarsu ta ga ƙasa ta yi laushi, iri ya isa dashe, kuma ta ga wani mutum yana zagaya ta yana aunawa da ƙafa.

Na kasa haƙuri. "Inna, Turawa ba su da fadama! Kuma ba kurciyar da ta yi magana. Kuma ma ai an mai da shi aikinsa, duk mun gani, har mai tumbi na dafa shi."

"Kun gani," ta ce. "Can cikin akwati ko rijiya mutum ya hwaɗa Alhamis wagga, Alhamis mai zuwa yana nan da rigarshi ko jiƙewa ba ta yi ba. Shi ya sa ɗiyansu ba su girma. Na waje ba haka Allah ya yi su ba. Na waje in ya zamna jiran a kira shi, ɗiyanshi na girma, cikinsu na girma, fadama kuma wani na dasawa."

Ta ɗauki kara ta tona garwashi. Muka jira. Ba ta ci gaba ba.

Ƙanwata ta ce, "Sai me ya faru, Inna?"

"Ban sani ba. Wanga labari ƙarshenshi ba ga hannuna ya ke ba. Ku tai ku kwanta."

Ba ta taɓa yi mana haka ba. Yara suka fara ƙorafi, wani na cewa ba a rufe akwati ba ai. Sai muka ji muryar Baba daga duhun ƙofarsa, a hankali, kamar ba tasa ba.

"Balki."

"Na'am, Baba."

"Tambayi kakarki. In Mai Hanci ya koma ƙauye da hauya, mi mutane za su ce?"

Na juya zan maimaita, Inna ta riga ni. Garwashi take kallo. "Ki ce ma mai tambaya, za su ce ya dawo. Kwana ukku za su yi suna hwaɗi. Ran na huɗu akuyar wani ta ɓace, su koma kanta."

Na maimaita, ina jin haushin wannan aiki da aka saba sa ni.

"Ki ce mata hannuwanshi sun yi laushi. Ya hi shekara goma rabonshi da noma."

"Ki ce mai, bororo kwana bakwai ya kan yi, ya hwashe, ya zama kanta. Ba a taɓa binne kowa don bororo ba."

"Ki ce mata ya hita garin da keke sabo, ana ɗaga mai hannu."

"Ki ce mai, keken na nan. Hanyar da ta kai shi ita ka maido shi, ba a naɗe ta ba."

Baba ya gyara zama. Sannan ya ce, "Ki ce mata yana da ɗiya ga makaranta. Yana tsoron a ce ta zamna gida."

"Ki ce mai, albasa ba ta taɓa hidda kowa daga aji ba. Zaman gindin itace ka hiddawa."

A nan ne bakina ya tsaya da kai saƙo. Delu ta cikin akwati ba ta zuwa sakandare. Mai Hanci ba shi da keke, mota gare shi. Na dubi Baba, na dubi hannunsa inda agogo yake a da, na dubi hularsa da ke rataye a ƙusa, tas, ba ɗigon siminti. Ni ba na iya riƙe abu a ciki, tun ina ƙarama haka nake.

"Baba, wai kai aka kora?"

"Balki!" in ji Mama, tiren wake ya kusa suɓuce mata.

Yaran maƙwabta suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Na jira mari, don na san na cancanta. Baba ya ajiye rediyo a ƙasa, ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Sati ukku ke nan," ya ce.

Mama ta daɗe tana kallonsa. "Kuma kullum ina ce maka sannu da aiki."

"Kina cewa."

"Kana cewa yawwa."

"Ina cewa."

Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. Ta share ido da gefen zane ta ce, "To sannu da zaman gindin itace. Da ka hwaɗi, ai da na riƙa sa maka tabarma cikin jakar." Baba ma ya yi dariya, irin wadda ba ka so ka ji babanka na yi. Ta tashi ta damo masa fura, ya shanye tas, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

Inna ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Ta rufe garwashi da toka ta ce, "Sun koma akwati. A ruhe musu." Ta shige ɗaki.

Bayan sallar Juma'a Baba ya ɗaure 'yan kayansa a bayan keke ya kama hanyar Shagari. Ya iske Baffa Nomau kafin ran kasuwa, suka dasa. Yakan yi kwana shida can ya zo mana kwana ɗaya, hannunsa duk ya faffashe, ya yi baƙi, ya rame, amma yana cin abinci kamar mutum biyu. Albasar shekarar farko ba ta yi wani abin kirki ba, ƙanana ne, rabi ma ta ruɓe don bai iya ajiya ba. Ta biyu ta yi. Ban bar makaranta ba ko na zango ɗaya. Kamfanin kuwa bai sake buɗewa ba. Wasu abokan aikinsa sun yi ta zuwa ƙofar sansanin har sojoji suka karɓi mulki, har aka zo aka kwashe motocin.

Da na tambayi malamin Turancinmu, sai ya ce kalmar tana nufin wuta, tana kuma nufin an kori mutum daga aiki, ya danganta da yadda aka faɗe ta. Na koma gida ban gaya wa kowa ba. Ba amfani, sunan ya riga ya bi ni. Akwatin ma bai daɗe ba, an sayar da batirin a damina, aka lulluɓe shi da zane. Inna ba ta fasa ba. Kowace Alhamis mutanenta suna zuwa, sai dai yanzu Mai Hanci ban-ruwa yake yi, hancinsa na tsoma cikin rijiya kafin guga ya isa, Ige na faɗa da ɓeraye a rumbu. A bakinta ne Tanko ya yi gemu, Delu ta zama malamar asibiti. Sai da ta rasu suka daina zuwa.

Na daɗe ina ba da wannan labari ta yadda ni ce jarumar. Ina cewa manya sun yi ta kewaye-kewaye da kyanwa da kurciya, sai da yarinya ta fito ta faɗi gaskiya a kalma biyar. Haka na ɗauki kunyar Inna, tsoro ne da aka yi wa ado. Har yanzu ba na son kewaye-kewaye, kuma ba na jin zan yi wa ɗan farina irin wannan kunyar, in ina da magana da shi zan kira sunansa in faɗa masa. Amma wata rana, bayan na yi aure, na je Shagari na iske Baba yana ɗaure buhuna, na sake yi masa wannan alfaharin. Ya bar igiyar ya dube ni.

"Ke kina ganin ke kika yi?"

"To wa ya tambaya?"

"Da kin tare ni da sahe ina hawan keke kin yi mini tambayar nan, da na ce ƙarya kike, na kai miki mari, na tahi gindin itacena. Da can zan zamna har Nomau shi ba da fadamar. Sai da tsohuwar nan ta sa duk gidan ya tausaya ma Mai Hanci tukuna. Da kika tambaya, na duba huskokinku na ga ba wanda zai raina ni. Shi ya sa na amsa."

Ya miƙo mini bakin buhu ya ce in riƙe da kyau, ya ci gaba da ɗauri.